Sunayen da Na Goge Sun Dawo, Har da na Ƙanin Mijina

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wannan wasiƙa. Ba ni da wanda zan faɗa wa, don duk wanda na duba a kusa da ni, ko dai maganar ta shafe shi, ko kuma in ya ji ba zai iya riƙe ta ba. Yau kwana tara ke nan ina cikin wannan hali. In waya ta yi ƙara a ofis sai gabana ya faɗi, haka ma in shugabarmu ta wuce ta bakin ƙofa.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, kuma shekara huɗu ke nan ina aiki a wata cibiya da ke taimakon masu son daina shaye-shaye. Ni ba likita ba ce, ba na kuma cikin masu zama da su suna yi musu nasiha. Aikina yana wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, mai sanyi kamar cikin firji, inda na'urorin ajiyar bayananmu suke. Mu biyu ne a ɗakin, ni da abokin aikina da kowa ke kira Dogo. Dole in ɗan yi miki bayanin aikin, in ba haka ba ba za ki gane abin da na aikata ba.

Rumbun bayananmu ba a kwamfuta ɗaya yake ba. Na'urori biyar ne, kuma duk abin da aka rubuta ana ajiye shi a uku daga cikinsu, don in ɗaya ta mutu kada a yi asara. Suna kuma duba juna a kai a kai, wadda ta ga 'yar'uwarta na da abin da ita ba ta da shi sai ta kwafa. A cikin rumbun akwai tebura, wato kamar rajista-rajista, kowanne da abin da ake rubutawa a ciki. Ɗaya daga cikinsu na waɗanda suka gama wani shiri namu ne: suna, lambar waya, abin da mutum yake sha, ranar da ya zo da ranar da ya gama. Mutum ɗari shida da 'yan kai. Kowannensu ranar da ya fara zuwa an ba shi takarda mai hatimi cewa in aka rufe shirin za a shafe sunansa, ba mai ƙara gani. Da yawa don wannan takarda suka yarda suka shigo ƙofarmu. Akwai malaman makaranta a ciki, akwai direbobi, akwai matan aure.

A farkon watan jiya aka rufe shirin. Shugabarmu ta ce in kwashe teburin kafin Juma'a, don ranar Litinin masu sa ido za su zo, kuma abin da za su fara tambaya ke nan. Akwai umarni guda da ke kwashe tebur gaba ɗaya, amma yana da sharaɗi, sai duka na'urorin suna raye. A wannan makon kuwa ta huɗu ta ƙone a wajen shigar wuta, tana hannun mai gyara. Na ba da umarnin, rumbun ya ƙi. Na je wurin shugaba, na same ta da waya a kunne da fayil a hannu, na fara bayani, ta ɗaga mini hannu ta ce ita ba ta gane wannan yaren namu, Juma'a kawai ta sani. Ba na ganin laifinta sosai, ita ma ana matsa mata. Ni ce ya kamata in tsaya in ce ba zai yiwu ba. Ban tsaya ba.

Sai na bi ta wata hanya, na goge su layi-layi. A nan ne matsalar take. In ka goge layi, rumbun ba ya share shi nan take. Alama yake dasawa a kansa cewa wannan ya mutu, mukan ce mata alamar kabari. Na'urar da ba ta nan, in ta dawo ta ga alamar, sai ita ma ta binne nata. Amma alamar kwana goma kawai take yi, daga nan sai a share ta don kada ta cika wuri. Mai gyara ya ce kwana huɗu zai dawo mana da na'urar. Na lissafa na ga da sauran lokaci. Na duba teburin, fayau. Na sa hannu a takarda cewa an shafe komai, shugaba ta sa nata a ƙarƙashin nawa, masu sa ido suka zo suka yaba suka tafi.

Kwana biyu bayan nan ƙaramar 'yata ta kamu da ciwon huhu, aka ba mu gado a asibiti. Na ɗauki hutun mako uku. Wallahi Gwaggo, a kwanakin nan ko sunan ranar da ake ciki ban sani ba, idona yana kan ƙirjin yarinyar nan ina kallon yadda yake hawa yana sauka. Ashe abin da za a sauya a na'urar bai iso da wuri ba, sai da ta kwana ashirin da huɗu. Da aka kawo ta Dogo ya jona ta kamar yadda muka saba. Ban faɗa masa abin da na yi ba, ban rubuta a ko'ina ba, a kaina na ajiye. Da ya sani, da ya wanke ta tas kafin ya jona. Ta dawo da nata kason sunayen, kusan ɗari huɗu, ba ta tarar da alamar da za ta ce mata sun mutu ba. Sauran huɗun suka ga abin da ba su da shi, suka kwafa. Na dawo aiki ban ko leƙa teburin ba, don a wurina ya riga ya zama tarihi.

Akwai kuma wani ɗan aiki da ke tashi da kansa duk ɗaya ga wata, yana tura saƙo ga duk wanda ke cikin teburin. Saƙon yana kiran sunan mutum, ya ce cibiya kaza na alfahari da shi, in ya ji zuciyarsa na raya masa ya koma ga abin da ya bari, ga lambar da zai kira. Sabo ne, bai taɓa tura wa mutanen wannan teburin komai ba, kuma ba wanda ya kashe shi, tunda a tunaninmu ba kowa a ciki.

Ɗaya ga wata ta faɗo ranar Asabar. Surukata, Inna, a gidanmu take zaune. Idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata saƙonninta, ni nake duba mata maganin hawan jininta. Da hantsi ina gugar kayan makarantar yara ta shigo da wayarta ta ce in duba mata, wani abu ya shigo. Na karɓa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da dutsen guga. Na ga sunan cibiyarmu. Na ga sunan Auta, ƙanin mijina, ɗanta na ƙarshe, cikakken sunansa na yanka wanda ba mai kiransa da shi a gida.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai da na ji ƙaurin rigar yarona. Inna ta ce lafiya, mutuwa aka yi? Na ce mata a'a, tallar kamfanin waya ce. Ta yi tsaki ta ce mutanen nan ba su da aikin yi, in goge mata. Na goge. Ta karɓi wayarta ta sa mini albarka ta fita. Albarkar nan ita ta fi komai tsaya mini a rai.

Sai a lokacin na tuna. Shekara biyu da suka wuce Auta ya yi wata huɗu ba shi da waya, ya ce sace ta aka yi, yana aron ta Inna. Ya rame, ba ya son zama cikin mutane, muka ce rashin aikin yi ne. Ni ina ƙarshen baranda ina gadin sunansa, shi yana shigowa ta ɗaya ƙofar, ban taɓa sani ba. Ina jin shi ya san ina wurin, ya dai amince da takardar nan mai hatimi.

Na ce wa maigidana an kira ni aikin gaggawa, na fita ko mayafi ban daidaita ba. Saƙon hamsin-hamsin yake fita duk awa. Kafin in isa in kashe shi, ɗari da hamsin sun tafi. Na zauna a ɗakin nan mai sanyi. Sannan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa: na buɗe layin Auta na karanta. Na ga abin da yake sha, na ga ranar da ya zo, na ga an rubuta ya kammala lafiya. Ba ni da hurumin dubawa, na sani, na duba.

Ranar Litinin wani mutum ya zo cibiyar. Ban gan shi ba, mai karɓar baƙi ce ta ba mu labari. Ta ce bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, takardarsa mai hatimi kawai ya ajiye a kan kanta yana tambaya ko ƙarya aka yi masa. Wayarsa tana caji a shagon da yake aiki saƙon ya shigo, mai shagon ya gani, ya ce ya ɗan huta tukuna a gida. Shugaba ta ɗauka kamfanin da ke tura mana saƙonni ne ya riƙe tsohon jerin lambobi, har ta rubuta musu takarda mai zafi. Ta tare ni a baranda ta ce ke dai kin goge, ko? Na gyaɗa kai. Dogo kuma ya lura an kashe aikin saƙon, na ce masa gwaji nake yi. Ya ce to in gama da wuri, don sauran shirye-shirye ma da shi suke amfani, kafin ƙarshen wata zai kunna.

Yanzu duka na'urorin biyar suna raye. Layi ɗaya zan rubuta teburin ya koma fayau, ba ya kai minti guda. Sau nawa ina rubuta shi in tsaya in zuba masa ido in goge. Abin da ke hana ni ba kirki ba ne, tsoro ne. Na san ko na yi, umarnin yana barin hoton teburin a ɓoye a kowace na'ura don gudun kuskure, sai an bi ɗaya bayan ɗaya an cire. Kuma ajiyar ko-ta-kwana da ake ɗauka duk mako an ɗauke ta sau biyu da sunayen a ciki, ita kuwa ba a taɓa ta sai da izinin shugaba. Ga shi rumbun yana rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa. In na yi shiru, ina kan ƙarya. In na faɗa, hannuna ne a takardar, ƙila aikina ya tafi, ƙila ma abin ya fi haka, ban san me doka ta ce ba kuma ina tsoron tambaya.

Sai maganar gida. Auta yanzu direba ne a wani kamfani, ya yi ƙiba, ya fi kowa fara'a, kullum da safe shi yake sauke mini yara a makaranta a kan hanyarsa. Tun ranar Asabar ɗin nan nake ƙirƙiro dalili ina kai su da kaina. Jiya ya tsaya a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu yana dariya ya ce matar yaya, ko an kore ni daga aiki ne ba takarda? Na kasa haɗa ido da shi. Maigidana shi ya rene shi bayan rasuwar babansu, yana sonsa kamar ransa, amma mutum ne mai zafi a kan wannan abu. Na sha jin ya ce duk mai shan ƙwaya kada ya taka masa gida. Ya fara tambayata me ke damuna, na ce gajiyar jinya ce ba ta sake ni ba. Ban taɓa ɓoye masa abu mai girma haka ba.

Gwaggo, in goge in yi shiru? In faɗa wa shugaba? In na faɗa, me zan ce game da layin da na buɗe? Maigidana yana da haƙƙin ya sani tunda 'ya'yansa ne ake ɗauka a mota? Sauran ɗari da arba'in da takwas ɗin fa, waɗanda ban san a hannun wa saƙonsu ya faɗa ba? Su nake gani in na rufe ido, alhali ban san fuskar ko ɗaya ba.

Taki,
'Yarki ta ƙarshen baranda

*

'Yata,

Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Na aika miki da wannan amsa ta adireshin da kika rubuto tun ranar da wasiƙarki ta iso, don ƙarshen wata ba ya jiran ranar fitowar jarida. A wadda za a buga kuma na sauya lambobi da wasu bayanai yadda ba mai gane ki ko gane Auta.

Ni ban san aikinku ba, don haka na kira wata tsohuwar ɗalibata da ke irinsa, na karanta mata sashen na'urorin kawai. Tun kafin in kai ƙarshe ta ce ta san inda labarin zai ƙare. Ta ce ramin nan ƙwararru da yawa sun faɗa shi, kuma kusan kullum haka yake faruwa: ana sauri, na'ura ɗaya ba ta nan, mutum ɗaya ya riƙe abin a kansa. Na faɗa miki wannan don ki daina kallon kanki kamar wadda ta yi abin da ba a taɓa yi ba. An matsa miki, kin je yin bayani an ɗaga miki hannu, mai gyara ya saɓa lokaci, 'yarki na gadon asibiti. Cibiyar da ke riƙe da sirrin mutum ɗari shida kuma ba ta da rubutacciyar ƙa'idar yadda ake jona na'urar da ta daɗe a waje, ita ma tana da nata kason.

Amma ba zan shafa miki mai a baki ba. Kuskure ne kika goge ba ki rubuta ba. Gyaɗa kan da kika yi a baranda kuwa ba kuskure ba ne, zaɓi ne, kuma shi ne ke girma kullum. Yau akwai kamfanin da ake zargi da abin da bai yi ba, akwai mutumin da ke zaune a gida. Ranar da kamfanin ya amsa takardar nan ya ce daga wurinku lambobin suka fito, za a zo ɗakinku a buɗe abin da rumbun ya rubuta. Gara a ji daga bakinki kafin ranar. Wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba hukuncinsu ɗaya ba, a ofis ko a ko'ina.

Kada ki goge a ɓoye. Ke da kanki kin lissafa dalilan da suka sa ba zai ɓoyu ba, ni kuma in ƙara miki ɗaya. Jerin waɗanda saƙon ya je wa yana da amfani yanzu, don da shi ne cibiyar za ta san waɗanda za ta nema ta ba haƙuri ta kuma tsaya musu. In kika shafe komai ke kaɗai, kin tsirar da kanki na 'yan kwanaki kin bar su da abin da ya same su.

Gobe da safe, kafin ki shiga wurin shugaba, ki faɗa wa Dogo kada ya kunna aikin saƙon, ki kuma faɗa masa dalili. Abokin aikinki ne, shi ya jona na'urar bisa rashin sani, bai kamata ya ji a bakin wani ba. Sannan ki rubuta abin da ya faru a shafi ɗaya, da kwanan wata, ba kare kai, ba kuma zagin kai. Ki sa har da cewa kin je da bayani ranar nan ba a samu lokacin saurare ba, ki faɗe shi a sanyaye kamar sauran. Ki miƙa mata hannu da hannu, ki riƙe kwafi. In ta ce ba ta gane yarenku, ki ce mata sunayen da muka ce mun shafe suna nan, daga wurinmu saƙon ya fita. Wannan kowa ya gane shi.

Game da gyaran, ga abin da ɗalibata ta ce. A fara kulle teburin yadda ba mai karanta shi, mutum ko wani aiki mai tashi da kansa, a kuma cire shi daga aikin saƙon gaba ɗaya. Shugaba ta yanke yadda za a riƙe jerin waɗanda abin ya shafa har a gama nemansu. Sai a tabbatar duka biyar suna raye, a kwashe teburin da umarnin nan na gaba ɗaya, ku biyu kuna zaune. A bi kowace na'ura a cire hoton da ya bari, a koma kan ajiyar ko-ta-kwana ta makonnin da sunayen suka shiga, da ma waɗanda suka gabace su. Bayan na'urorin sun gama duba juna a sake leƙawa, a kuma sake bayan mako biyu, sannan a sa hannu. Ta ce in jaddada miki abu biyu da za ku rubuta ku manna a ƙofar ɗakin: ba a aikin shafewa in na'ura ɗaya ba ta nan, kuma duk na'urar da ta wuce kwanakin alamar a waje, wanke ta ake yi a shigo da ita kamar sabuwa. In dole ta sa an goge alhali wata na wurin gyara, a tsawaita kwanakin alamar tun a ranar, a rubuta inda kowa zai gani.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba, don ban sani ba. Za a iya ba ki takardar gargaɗi, za a iya fin haka. Kafin ki shiga, ki nemi wani mai ilimin dokar aiki ki tambaye shi matsayinki. Tambayar ba ta jawo hukunci, tsoron da kike yi ne kawai zai samu iyaka. Maganar sauran mutanen kuma ba ke kaɗai za ki ɗauka ba. Aikin cibiya ne, da masu nasihar da suka san su, su san yadda za su neme su ba tare da an sake tura wani saƙon da zai faɗa hannun da bai dace ba. Ki roƙi a fara da mutumin nan da mai shago ya dakatar, tun gurbin aikinsa bai zama na wani ba.

Layin da kika buɗe, ki faɗa. Ki ce a cikin ruɗewa kin duba bayanin wani da kika sani, ba sai kin ce wane ne ba in ba a tilasta ba, kuma ki nemi wani ya zama shaida a kan shafewar saboda haka. Ba daidai kika yi ba, kin sani, ba sai na ƙara ba.

Yanzu gida. Na auna maganar maigidanki ta ɓangare biyu. Uba ne, 'ya'yansa ake ɗauka, kuma ɓoye-ɓoye tsakanin mata da miji ba abin wasa ba ne. Da kin ga Auta yana layi, ko idonsa ya sauya, ko tuƙinsa ya lalace, da ni zan fara ce miki ki hana shi yaran ki yi magana. Amma me kika gani? Mutumin da ya kai kansa neman magani ba wanda ya ja shi, ya gama, ya samu aiki, kullum yana kai miki yara yana dawowa lafiya. Ranar Juma'a kin yarda da shi, ranar Asabar ba abin da ya sauya a jikinsa. Sirrin nan ba a matsayin matar yaya ya zo hannunki ba, amanar aiki ce, kuma ba naki ba ne balle ki bayar. Ki faɗa wa maigidanki gaskiyar da take taki: kin yi babban kuskure a wurin aiki, sirrin mutane ya fita, kina tsoron abin da zai biyo baya. Wannan ya isa ya gane halin da kike ciki, kuma kina buƙatar ya tsaya miki a makonnin nan. Sunan kowa ba ya ciki.

Inna kuma ki bar ta da tallar kamfanin waya. Ba na yabon ƙarya, amma ban ga abin da gaskiyar za ta ƙara wa tsohuwa mai hawan jini ba, kuma ba ke ce mai faɗa mata ba.

Shi Auta yana da haƙƙin ya san saƙo ya fita da sunansa, kamar sauran. Bayan kin gama da shugaba, ki nemi izininta ki faɗa masa da kanki, don kada cibiya ta neme shi ta wayar Inna. Ki same shi shi kaɗai, ki gajarta. Ki ce saƙo ya zo, ke kika karanta, kin goge, ba wanda ya ji kuma ba wanda zai ji daga gare ki, laifin naki ne, ya yafe miki. Kada ki tambaye shi komai, kada ki yi masa wa'azi. Zai iya jin kunya ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, zai iya yin fushi, yana da dalili. Ko zai faɗa wa yayansa wata rana, shi zai zaɓi ranar. Ke dai washegari ki shirya yaran da wuri, in ya tsaya a bakin ƙofa ki miƙa masa su.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar shiga ofishin nan gobe, ya sassauta abin da zai biyo baya, ya rufa asirin duk wanda sunansa ke cikin teburin nan, ya kuma rufa naki.

Gwaggonki